Busasshiyar ƙanƙara ba ta jiran sa hannun kowa

Ranar Laraba da yamma na leƙa kwamfutar yaron da aka ɗauko ya riƙa taimaka mini a ofishin ɗakin bincikenmu, na tarar ya rubuta wa kamfanin da ke sayar mana da sinadarai daga Turai cewa su turo kaya gobe Alhamis. Sinadaran gwajin PCR ne, gwajin da ke gano ƙwayar cuta ta ƙwayoyin halittarta, irin waɗanda ake binnewa cikin busasshiyar ƙanƙara. Na ce, "Kai ɗan nan, ina takardar izinin shigo da su?" Ya ce, "Malam, ai tana hanya, kuma Farfesa ya ce a gaggauta." Na ce ya ɗauke hannunsa daga kan kwamfutar. Gaggawar nan tasa ita ce sak wadda na taɓa yi, na kuma san inda take kai mutum.

Bari in fara da lissafin, tunda shi ne abin da ban yi ba. Busasshiyar ƙanƙara iskar kabon ce da aka daskarar, sanyinta digiri 78 da rabi ƙasa da sifili. Ba ta narkewa ta zama ruwa, bin iska take yi. A cikin akwatin kumfa na jigila tana raguwa da kamar kilo 2 zuwa 4 a kowane kwana, in akwatin ya zauna a zafi kuwa ta fi haka sauri. A jikin kwalin akwai alama mai lamba UN1845, kusa da ita an rubuta kilo nawa aka zuba. In ka ga kilo 10, kwana uku ke gare ka, huɗu in an yi sa'a. To kaya ya tashi Alhamis, ya sauka Legas Juma'a da dare, Asabar da Lahadi ba wanda zai duba maka takarda. Kafin ejan da zai fitar maka da kayan daga kwastan ya buɗe fayil ranar Litinin, ƙanƙarar ta kusa ƙarewa, alhali ba a ma fara maganar kawo shi arewa ba.

Nawa akwatin Alhamis ya tashi. Izinin NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, yana hannuna, amma ban ɗora shi kusa da takardar farashin kayan na bi layi-layi ba. Abu biyu da ke cikin akwatin babu su a jerin da aka ba mu izini. Sannan takardar jirgin ta zo da sunan Farfesa, izinin kuwa da sunan jami'a. Waɗannan biyun kaɗai sun isa su zaunar da kaya a sito. Sai ga hutun salla ya cinye Litinin da Talata. A rana ta tara aka ajiye mini akwatin a kan tebur. Da na ɗaga shi na ji sakayau kamar kwalin biskit. Na buɗe, babu hayaƙin nan fari, babu ko gutsure, kwalaban kuma ɗumi gare su kamar tafin hannu.

Har zuwa nan ana iya cewa tsautsayi ne. Abin da ya biyo baya shi ne nawa. Na sa hannu a takardar direba cewa kaya ya iso lafiya, na jera kwalaban a firizar digiri 20 ƙasa da sifili, na yi gum.

Ina da hujjoji, kuma har yau ban yarda duk na banza ba ne. Aikin buga takardu da tsara taro aka ɗauke ni, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce wannan kwalba zafi na kashe ta. Wa'adin tallafin binciken saura makonni ya ƙare, kuma abin da ba a saya ba kafin ranar rufewa ba za a biya shi daga asusun ba, don haka gaggawar ba daga iska ta faɗo ba. Farfesa yana wajen taro a wata ƙasa. Na kuma taɓa jin ɗalibai na cewa wasu sinadaran kan jure kwanaki ba sanyi, wanda gaskiya ne ga wasu. Sai na zaɓi in yarda nawa suna cikinsu.

Ba sa ciki. Ɗalibai biyu masu digiri na biyu suka shafe kusan mako shida suna gwaji ba sakamako. Hatta samfurin da aka san tabbas yana ɗauke da ƙwayar cutar, wanda ake sawa don a tabbatar gwajin na aiki, bai nuna komai ba. Suka zargi hannunsu, suka zargi na'ura, suka sake tace samfur. Kowane maimaici yana cin jinin da aka ɗebo daga marasa lafiya, jinin da aka rarraba cikin 'yan ƙananan kwalabe ƙidayayyu. Sinadari ana sake saye. Jinin da aka ɗeba daga yaro ranar da zazzaɓi ke jikinsa ba ya dawowa. Ina jin su suna tattaunawa ta bayan ƙofa, ina shirya takardun alawus.

Wani lokaci nakan ce ai ko lafiya suka iso, firizar nan ma ba abin yarda ba ce, wuta tana ɗaukewa, janareta sai an nemo mai makulli. Wa ya san a ina suka mutu? Amma takardar da ake mannawa a ƙofar firiza a rubuta sanyinta safe da yamma, wa ya kamata ya buga ta ya bi sawu? Ni. Babu ita a lokacin. Hujjar tawa ta koma kaina.

Ba wannan kaɗai ba. Na taɓa cusa kayan gwajin ELISA, wani nau'in gwajin jini, a firiza don ina ganin sanyi ba ya yawa, alhali a jikin kwalin an rubuta digiri 2 zuwa 8, wato firji, daskarewa kuma lalata su take yi. Na kuma bar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta ƙare ban tuna ba. Yawanci shekara ɗaya ake ba ta, in ta ƙare dole a tsaya da ɗibar samfur har a sabunta. Nas tana asibiti tana jira, mota da mai an biya, aiki a tsaye.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma sha, ƙannena, amma da na duba, yawancinsu abu ɗaya ne.

Kada kaya mai sanyi ya tashi sai takarda ta cika a hannunka. Cika, ba "tana hanya" ba. Fom M, takardar shigo da kaya daga waje, an buɗe ta banki kafin a ɗora kaya, izini bai ƙare ba, kowane suna da lambar kataloji da adadi sun yi daidai a izini da takardar farashi da takardar jirgi. Litinin ko Talata za ka ce su turo. Duba hutu a ɓangarorin biyu: sallarmu da ba a tabbatar da ranarta sai an ga wata, Kirsimeti da Ista, da hutun Amurka na Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Tambayi kamfanin kilo nawa za su zuba, ka tambayi mai jigila ko yana ƙara ƙanƙara in kaya ya maƙale, a rubuce, don ba kowane farashi ke ɗauke da wannan ba. In kai ne za ka fitar da samfurin mutane waje, sai da yarjejeniyar miƙa samfur kamar yadda ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta tanada, kwalin kuma galibi da alamar UN3373.

Amma kuma kada ka zauna jiran takarda kamar mai jiran gawon shanu. Takardar farashi yawanci kwana 30 take aiki, fayil kuwa yana iya fin haka yana yawo tsakanin shugaban sashe da ofishin kuɗi. Wanda ya yi wannan aiki daga Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga kusan naira 460, har ta haura 1,500 a farkon 2024, ya ga kasafin kaya goma ya koma na uku a cikin fayil. Na san na ce ka jira, yanzu na ce ka yi sauri. Duka biyun ne. Ka ɗauki fayil da ƙafarka.

In kaya ya iso, buɗe shi a gaban wanda ya kawo kafin biro ya taɓa takarda. Ɗauki hoto, rubuta rana da lokaci da ko akwai sauran ƙanƙara, rubuta lambar rukuni da ranar lalacewa, karanta jikin kowace kwalba kafin ka zaɓa mata firji ko firiza. Kada ka taɓa ƙanƙarar da hannu ba safa, kada kuma ka ɗauko ta a mota gilashi rufe. In ta ƙare, faɗa a ranar. Kamfanoni da yawa sukan saurari ƙorafi in ya zo da wuri da hujja. Bayan ka sa hannu cewa lafiya, ihu ne bayan hari.

Farfesa kuwa, ban ce ka yi masa gardama ba, gaba yake da kai. A'a, yi masa, amma cikin ladabi kuma a imel: "Ranka ya daɗe, in ya tashi Alhamis zai kwana huɗu kafin a duba shi, ƙanƙarar ta kwana uku ce." Shi ma lissafi yake ji. Abin da ke ƙona mini rai da ku 'yan yanzu shi ne komai a WhatsApp. Umarnin sayen kayan miliyoyi a saƙon murya! Gobe a sace wayar, masu binciken kuɗi su zo su ce wa ya amince, ka tsaya kana sosa ƙeya. Ga shi kun fi mu iya kwamfuta nesa ba kusa ba, amma a ce ku buɗe fayil ɗaya ku jera ranakun ƙarewar izini da amincewa da tallafi, sai ku ce kuna riƙe da su a ka.

Yaron ya goge Alhamis ya sa Litinin ta sama, ya ƙara tambayar kilo nawa ba tare da na sake faɗa ba. Izinin ya fito ranar Juma'a. Ya turo mini hotonsa a WhatsApp, a karkace, babban yatsansa ya rufe ranar ƙarewa.