Inda maganin taɓin hankali ke yankewa a ƙauye

Aikin lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙauyukan Kano da Jigawa ya koya mana cewa kai mara lafiya asibiti ba shi ne mai wuya ba. Ran da ciwo ya ta'azzara, dangi kan yi karo-karo su ɗauki shatar mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure. A wata na biyu ake tafka asara: magani ya ƙare, babu kuɗin mota, damina ta tsare kowa a gona. Ciwo na dawowa sai a ce na asibiti bai karɓe shi ba, a koma wa mari.

Wani lokacin ma maganin ne ke tsorata su. Haloperidol, ɗaya daga cikin magungunan taɓin hankali, kan sandarar da jiki, hannu ya riƙa rawa, miyau na dalala, wani har wuyansa ya karkace, ido ya kafe sama. Uwar da ta ga ɗanta a haka cewa za ta yi iskokai sun fusata, kuma ba laifinta ba ne, tunda ba a gaya mata ba. Gyaran mai sauƙi ne: ma'aikacin lafiya ya rage adadin, ko ya haɗa da benzhexol, maganin da ke rage sandarewar da rawar hannun. Amma tun ranar farko ake bayanin, a gaban wanda zai riƙa ba da ƙwayar. Wanda ke yawan tsallake sha, akwai allurar fluphenazine da ake yi duk mako 2 zuwa 4.

Maganin ciwon damuwa irin amitriptyline kuwa sai ya yi mako 2 zuwa 4 kafin a ga sauyi, kuma ana ci gaba da shi wata 9 zuwa 12 bayan an samu sauƙi.

Masu jego su aka fi bari a baya. Matar da ta daina barci cikin mako biyu da haihuwa, tana sambatu, tana ƙin jaririnta, asibiti za a kai ta a ranar, kada a jira arba'in, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Ungozoma ce ke fara gani, don haka ita ya kamata a fara koya wa.

Faɗa da malamin ruƙiyya ɓata lokaci ne. A roƙe shi ya ce wa dangi su haɗa addu'a da magani, ya hana duka da ɗauri.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma abin da ƙauye ke jira shi ne maganin wata uku a asibitin sha-ka-tafi, da ma'aikacin da zai bi sawun duk wanda bai dawo ba.