Faifan Sallah: inda aikina ya kai

'Yan uwana masu koyon ɗinkin faifai, sannunmu da ƙoƙari. Manyan faya-fayan da na ɗauko tun bayan azumi na ajiye su gefe, na koma kan ƙanana masu faɗin taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wasu sun kammala har baki, wasu suna jiran kabar da na rina ta bushe. Dalilin wannan sauyi ba a basilla yake ba, a yadda Sallar gidanmu ta koma yake, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa.

Da can, a gidanmu na Kano, kwalliyar Sallah a jikin gida take. Ana saura mako a sauke jere gaba ɗaya, a wanke kwalla da tasoshi da samira, a goge kabet, a mayar da kowanne mazauninsa. Iyayenmu kuwa har shafen farar ƙasa suke yi, a gyara daɓe da makuba. Faifai yana da aiki biyu a lokacin: masu kyau a jera su a bango, na yau da kullum a rufe kwanon tuwon Sallah da su, a ɗora wa yara su kai gidajen maƙwabta da dangi. To, yaran da ake ɗora wa kwanon su ne yanzu masu gidajen kansu. Babban yana Abuja, ta biyu tana aure a Kaduna, auta ma ya bar gida. Ba wanda ya zaunar da mu aka yi rabo, amma abin ya daidaita da kansa. Ƙaramar Sallah su suke zuwa, saboda gaishe-gaishe da kallon Hawan Daushe da na Nassarawa a shekarar da aka yi hawa, don kun san a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi. Babbar Sallah kuwa kowane magidanci yana son ya yanka layyarsa a ƙofar gidansa, saboda haka ni da Malam mu ne matafiya.

Wanda zai yi Sallah a gidan wani ba ya ɗaukar kabet. Abin da zai shiga jaka shi ne kwalliyarsa. Mukan hau mota zuwa Kaduna mu kwana wajen 'yar, washegari mu shiga jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu, wanda ya fara jigila tun 2016. Babban faifai ba ya jure wannan hanya. In aka danna shi a but ɗin mota tare da buhun shinkafa da jarkar manja, ya tanƙware ke nan, kuma faifan da ya tanƙware da wuya ya koma shimfiɗe. Ƙananan kuwa sai in jera su kan juna, in sa kwali sama da ƙasa, in naɗe da zane, su kwanta tsakiyar kayan sawa. Mu kan tashi kwana uku ko huɗu kafin Sallah, domin ranar jajibere kuɗin mota sai abin da direba ya faɗa.

Yanzu ga aikin kansa. Cibiya ita ce ta fi cin lokacina har yau. Iya, dattijuwar unguwarmu da nake zama wajenta, ba ta yarda a fara da ciyawa mai kauri. Sai an fara da 'yan silla kaɗan, an naɗe su da kaba siririya, an murɗa, sannan a riƙa cusa sabuwar ciyawa ɗaya-ɗaya a cikin tsohuwa yayin da zagaye yake faɗaɗa. In aka zuba ƙari lokaci guda sai wurin ya yi ƙullutu, kuma duk zagayen da ya biyo baya zai gaji wannan ƙullutun. Jan hannu shi ne abu na biyu. Idan kin ja ɗinki da ƙarfi, gefen zai fara tasowa ya nufi kwando. Idan kin saki, sai ya yi lanƙwasa nan da can. Abin da ya taimake ni shi ne kifa faifan a kan tire bayan kowane zagaye, in danna da tafin hannu. Tire ba ya ƙarya.

Kaba kuwa, kada ku yarda da wadda ta yi fari fat tana ƙara in an taɓa ta. Ganyen ƙaramar goruba ne, kuma mai kyau takan lanƙwasu ba ta tsage ba. Masu sayarwa da yawa za su ce miki tasu ta arewa ce, kuma gaskiya ne yankin Gulbin Kaba, wajen Mayahi a jihar Maraɗi, ya yi suna da ita. Ni dai lanƙwasawa nake yi a gaban mai kaya. Kafin tsagawa ina jiƙa ta, sannan in naɗe abin da zan yi aiki da shi a cikin tsumma mai laima. Wannan ya danganta da lokacin shekara, kuma Sallah ba ta zama wuri ɗaya, kowace shekara tana matsowa da kusan kwana 11. A 2025 Babbar Sallah ta zo farkon watan Yuni, a bakin damina, inda matsalar ita ce fumfuna: kabar da aka rina aka tara da sauran danshi sai ta yi baƙi-baƙi. Ƙaramar kuwa tana gangarowa wajen hunturu, lokacin da kaba ke bushewa a hannu tun kafin a gama zagaye guda.

A rini na gwada galurar kasuwa da karan dafi. Galura ta fi sauƙi: a tafasa ruwa da ɗan gishiri, a tsoma kaba, a shanya a inuwa. Tana ba da kore da shuɗi da ruwan hoda masu ɗaukar ido, sai dai rana tana cin su, kuma in tururi ya taɓa wadda ba a ɗauraye sosai ba tana iya zuba a kan abinci. Karan dafi da ɗan ruwan kanwa yana ba da ja mai duhu irin na fatar dukawa. A idona ya fi mutunci, kuma shi na zaɓa wa duk faifan da zai rufe ƙwaryar fura. Masu naɗi da zaren buhu ko leda ba na ƙin aikinsu, yana wankuwa, yana da arha. Amma kada a ɗora masa tukunya mai zafi.

Akwai wata magana da ba ta ɗinki ba ce, amma duk uwar miji ya kamata ta ji. Falon surukarki ba bangonki ba ne. Gidan haya ne ma, mai fenti, ba a buga ƙusa yadda aka ga dama, kuma yarinya ta riga ta tsara ɗakinta da labule da kujerun da ta zaɓa. Don haka ba na zuwa da abin rataya. Ina kai abin da ke da aiki: wanda za a sa ƙarƙashin kula a kan ledar cin abinci, wanda za a rufe soyayyen nama da shi ya sha iska, wanda za a zuba dabino da cincin a miƙa wa masu barka da Sallah. Kafin in rina na tambaye ta launin da take so ta waya. Ta ce ruwan ƙasa da baƙi, ba kore. Ni da na tashi cikin faifai mai ja da kore na ji abin wani iri, amma da na ɗinka na ga zanen ya fi fitowa, musamman tsani-tsanin da ke zagaye baki.

Manyan da na ajiye na gidan Kano ne, zan koma kansu kafin azumi mai zuwa, don bangon ɗakina har yanzu nawa ne, kuma jikoki suna son a sauko musu da su su taɓa. Inda nake neman taimakonku shi ne rufe baki. Iya takan siranta ciyawar a hankali har ta ɓace cikin zagayen ƙarshe, ba a ganin inda aka tsaya. Nawa yana barin ɗan tudu. Wadda ta iya wannan ta faɗa mini daga nisan yatsu nawa take fara rage ciyawar, kuma ko tana ninka ɗinkin ƙarshe ko sau ɗaya take bi.