Darussan da na koya daga nazarin manufofin raya ƙasashe

A nazarin da na yi na tarihin manufofin raya ƙasashe masu tasowa, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ra'ayin da ke rinjaye a kowane zamani yake bin hannun da ke riƙe da kuɗi. Bayan shirin Marshall na 1948, wato tallafin da Amurka ta bayar, ya taimaka wa Yammacin Turai ta farfaɗo daga ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka ɗauka cewa jari da fasaha kaɗai matalautan ƙasashe suka rasa. A 1949 shugaban Amurka Harry Truman ya yi alkawarin kai ilimin kimiyya yankunan da aka bari a baya, sannan a 1960 masanin tattalin arziki Walt Rostow ya tsara matakai 5 da ya ce kowace ƙasa za ta taka kafin ta yi arziki. Aka duƙufa wajen gina madatsun ruwa da manyan hanyoyi da masana'antu, aka manta cewa Turai tana da ƙwararrun ma'aikata da hukumomi tun kafin yaƙin, gine-gine ne suka rushe.

Masanin tattalin arziki Raul Prebisch na Ajantina ya daɗe yana nuna cewa ƙasar da ke sayar da ɗanyen kaya tana sayen sarrafaffe ba za ta daina zama a baya ba, amma maganarsa ba ta yi nauyi a wurin masu ba da rance ba. Sai da shugaban Bankin Duniya Robert McNamara ya faɗa a Nairobi a 1973 cewa tattalin arziki yana iya bunƙasa alhali talaka bai gani a ƙas ba, sannan aka koma batun abinci da ruwan sha da lafiya.

Wannan sauyi bai yi ƙarko ba. Da Meksiko ta sanar a 1982 cewa ba za ta iya biyan bashinta ba, sai Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka gindaya sharuɗɗa ga duk mai neman rance: a karya darajar kuɗi, a janye tallafi, a sayar da kamfanonin gwamnati, a buɗe kasuwa ga kayan waje. Ba na musun cewa wasu kamfanonin sun zama ramin zuba dukiyar jama'a, kuma gyara ya wajaba. Inda nake ganin an yi kuskure shi ne rubuta magani ɗaya ga marasa lafiya masu cututtuka daban-daban, har aka sa kuɗin makaranta da na asibiti a kan iyalan da ba su da abin biya. A 1987 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito da hujjojin irin illar da hakan ya yi wa yara. Abin lura kuma shi ne, Koriya ta Kudu da Sin, waɗanda suka fi kowa saurin rage talauci, ba su janye hannun gwamnati daga masana'antunsu yadda ake wa'azi ba.

A 1990 masanin tattalin arziki Mahbub ul Haq na Pakistan, tare da takwaransa Amartya Sen, ya kawo ma'aunin ci gaban ƙasa da ya haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga, kuma a nan na fahimci cewa abin da aka zaɓa a auna shi ne abin da hukumomi ke iya gani. Muradun ƙarni guda 8 na 2000 da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 na 2015, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara, sun biyo wannan sawu. Gwaje-gwajen shirye-shiryen yaƙi da talauci da suka jawo wa masana tattalin arziki Banerjee da Duflo da Kremer lambar Nobel a 2019 sun koya mana tambayar ko shiri yana aiki kafin a faɗaɗa shi, ko da yake ba sa amsa manyan tambayoyin bashi da ciniki.

Tun daga yarjejeniyar Paris ta 2005 kan ingancin tallafin raya ƙasashe ake cewa ƙasar da ke karɓar tallafi ita ce za ta jagoranci shirinta. Sai dai har yau yawan ƙuri'ar ƙasa a Bankin Duniya yana bin yawan jarin da ta zuba ne, kuma bisa al'ada Amurka ce ke fitar da shugabansa, Turai kuma ta fitar da na Asusun Lamuni.