Ranar da Nonna ta koya min tiramisu

Asabar, Treviso, Italiya.

Tun da asuba na tashi da niyyar wanke kaina daga abin kunyar makon jiya. Wancan tiramisu, kayan zaƙin nan na Italiya, da na haɗa ni kaɗai, waya a hannu ina bin bidiyo, ina sa masa wuƙa ya zube a faranti kamar faten tsaki. Abban yara ya ci cokali biyu ya ce "ba laifi." Shekara tara da aure, na san fassarar ba laifinsa. Ga shi gobe suna a Mestre, gidan wata 'yar'uwarmu 'yar zangon Kumasi, kuma da bakina na ce kayan zaƙi a bar min.

Da hantsi na zuba 'yar masa a kwano da ɗan zuma, na sauka wajen tsohuwar da ke ƙasan benenmu. Ta haura tamanin, kowa a gidan Nonna yake ce mata, wato kaka. Ban ma gama ba ta labari ba ta ɗaga min hannu.

"Kofin da zafinsa kika tsoma biskit ɗin, ko?"

Na ce eh.

"Kuma kika bar shi a ciki yana wanka."

Na yi shiru. Ta ɗauki sandarta ta ce, "Wuce mu je, 'yata, kafin ki kunyata unguwa."

Abu shida kacal ta yarda a ɗora a kan tebur: gwaiduwar ƙwai, sukari, mascarpone, biskit ɗin savoiardi, kofi, da garin koko. Kokon cakulan nake nufi, mai ɗaci, ba na ƙosai ba. Mascarpone kuwa sunansa cuku, amma ba shi da gishiri ko tauri. Daga kirim ɗin madara ake yinsa, asalinsa yankin Lombardiya, kaurinsa ya fi na kindirmo, maiƙonsa na neman na man shanu. Na tambaye ta zancen Marsala, giyar nan ta Sisili, don na sha ɗaukar tiramisu a kanti in karanta bayan roba in mayar saboda ita. Ta yi tsaki. Ta ce na Treviso na asali babu ɗigon giya a ciki, abin da har yara ke ci. Wallahi sai na ji kamar an sauke min kaya, ashe ba kwaskwarima zan yi wa abin mutane ba.

Ma'aunin da aka sani a garin nan shi ne gwaiduwa 12, sukari rabin kilo, mascarpone kilo 1, biskit 60. Mu rabi muka yi. Farin ƙwan ma ba ta sa shi ba, ta ce in ajiye na soya wa yara.

Kofi muka fara dafawa a moka, 'yar butar nan mai kusurwa takwas da babu gidan da ba ta. Sau biyu muka ɗora, ta juye a faffaɗan kwano ta kai bakin taga ya huce. A nan ne muka yi 'yar gardama. Ita ɗanyen ƙwai take bugawa da sukari kai tsaye. Ni kuma na ce maijego za ta ci, kuma a jirgin ƙasa zan ɗauka, don haka sai na dafa sukarin da ɗan ruwa har ya kai digiri 121, in tsiyaya shi siriri a kan gwaiduwar injin yana bugawa, zafin ya kashe abin da zai kashe. Ta ce shekara sittin tana cin ɗanye ga ta nan da ranta. Na ce, "Nonna, ki yi haƙuri, in wani ya yi ciwon ciki gobe sunana za a kira, ba naki ba." Ta kyaɓe baki, amma ita ta riƙe min ma'aunin zafin.

Muna jiran kwaɓin ya huce ta ba ni labarin da ya fi tsaya min a rai yau. Ta ce tun suna yara, in mutum ya tashi daga ciwo, ko mace ta haihu, ko yaro ya rame, sai a buga masa gwaiduwa da sukari a kofi da cokali har ta yi fari ta yi kumfa. Sbatudin suke kiransa da harshen Veneto, yankin da Treviso take. Ana cewa daga nan tiramisu ya samo tushe: Alba Campeol, matar mai gidan abinci na Le Beccherie da ke tsakiyar gari, irinsa surukarta ta riƙa ba ta da kofi lokacin tana shayarwa. Daga baya ita da mai haɗa musu kayan zaƙi, Roberto Linguanotto, suka ƙara mascarpone da biskit, ya shiga jerin abincinsu a 1972. Sunan ma ma'anarsa "ɗaga ni sama." Na ce mata ai mu ma muna da namu, kunun kanwa, da yaji da gasasshen nama har a yi arba'in. Ta sa na maimaita "kunun kanwa" sau uku, ba ta iya ba, ta ce in dama mata ta ɗanɗana.

Sai na yi kuskuren cewa na ji 'yan Friuli, yankin da ke maƙwabtaka da mu, na cewa nasu ne. Kai! Ashe kan maciji na taka. A 2017 ma'aikatar gona ta Italiya ta sa tiramisu cikin jerin abincin gargajiya na Friuli Venezia Giulia, har gwamnan Veneto na lokacin, Luca Zaia, sai da ya fito ya yi ƙorafi. Nonna har yau ba ta huce ba. Na ja bakina na tsuke.

Mascarpone cokali-cokali ta riƙa zubawa, tana juyawa daga ƙasa zuwa sama a hankali. Ta ce in aka cika buga shi sai ya tsinke ya yi gudaji, kuma ba ya dawowa. Da ta ɗaga cokalin, kirim ɗin ya tsaya bai ɗiga ba.

Sai wajen da na faɗi wancan karon. Ta ɗauki biskit ɗaya da yatsu biyu, ta taɓa shi da kofin, ta juya, ta cire. Ko "bismillah" ban gama ba. Ta karya shi ta nuna min: gefe ya yi ruwan ƙasa, tsakiya fari fat, a bushe. Ta ce ragowar laimar daga kirim zai sha cikin dare. Na farkon da na gwada ya narke a hannuna, ta buge min yatsu kamar malamin allo. Na huɗu ne ta gyaɗa kai. Muka jera sahu ɗaya, muka shafe da kirim, muka ƙara wani sahu, muka rufe. Koko kuma ta ce kada in barbaɗa sai gobe dab da fita, da rariya, in ba haka ba zai jiƙe ya yi baƙi.

Da la'asar ta aiko jikanta da kwanon masata. Ba ta dawo da shi haka nan ba, ta cika shi da zaeti, 'yan biskit ɗin garin masara da busasshen inabi. Ban taɓa gaya mata cewa mu ma ba ma mayar da kwano wayam ba.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya saura. Tiren na cikin firji, na rufe da leda, na jera robobin miya a gabansa don kada idon yara ya kai. Ashe ba yaran ne abin tsoro ba. Ɗazu na fito shan ruwa na tarar da Abbansu tsaye gaban firji da ƙaramin cokali, wai yana duba ko sanyin ya isa. Kusurwa ɗaya ta tafi. Na leƙa wajen da ya yanka, sahun biyu na nan tsaye, ba su zube ba. Gobe in cike ramin da koko, in juya wannan gefen ya kalli bango.