Godiya Bayan Gobara, Musamman Ga Mutumin Azare

Assalamu alaikum. Yau kwana 19 da gobarar da ta cinye gidanmu, kuma sai daren jiya na yi abin da za a kira barci. Ba zan sake ba da labari ba, wasunku da su aka yi ta jidar ruwa, sauran kuma sun ga hotuna. Mu takwas muka kwanta, mu takwas muka fito. Alhamdulillahi. Hannuna na dama ne kawai ya ƙone, shi ya sa ni ke faɗa, 'yata ke bugawa.

Masu zuwa jaje da yawa sun ɗauka wajen fitar da yara na ƙone. Ba haka aka yi ba. Yara sun riga sun fita, komawa na yi don adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gado. Na kama marfinta ke nan uwargida ta damƙi wuyan rigata ta baya, tana ihu: "Malam, saboda takarda za ka mayar da yaran nan marayu?" Ko taku biyar ba mu yi daga ƙofa ba rufin ya rufto. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar. Ban taɓa gode mata a bainar jama'a ba, yau na yi.

Abin da ke cikin adakar, duk wasiƙar da aka taɓa buga mini ce. Ta farko a Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, ina ɗan sakandare, a kan rijiyar unguwarmu da ta rufta. Yaran yanzu ba su san wannan wahala ba: ka cire takardar tsakiyar littafi, ka rubuta, ka sake kwafewa, ka lashi kan sarki, ka kai gidan waya, sannan ka yi ta sintiri wajen mai jarida mako da mako. Da ta fito edita ya datse fiye da rabi, amma sunana na nan da adireshi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, sau uku ya sa aka karanta a zaure, yana cewa ɗansa ya shiga jaridar da Abubakar Imam ya zama editanta na farko a Zariya tun 1939. Daga nan sai Albishir, sai mujallar Fim bayan ta fito a 1999, sai Aminiya. Washegarin gobarar aka jawo adakar aka buɗe. Takardun suna nan a jere yadda na shirya su, baƙi ƙirin. Ina kai yatsa suka zube toka. A nan ne na yi kukan da ban yi wa gidan ba.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, wani dattijo ya yi sallama, da 'yar jakar leda a hammata da ƙurar mota a hula. Ya tabbatar da sunana, sai ya ce, "To, ni ne mutumin Azare."

Waɗanda suka bi shafin wasiƙu na Fim a wancan lokaci sun san shi. Shekaru muka yi muna fafatawa a kan rawa da waƙa a finafinan Hausa, in rubuta ya yi martani, in mayar ya sake. Ya taɓa kirana ɗan koren 'yan fim, ni ma abin da na ce masa ba zai maimaitu a gaban 'yata ba. Ko sau ɗaya ba mu taɓa haɗuwa ba. Jikansa ne ya ga labarin a Facebook, shi kuma ya bi adireshin da ke ƙasan wasiƙuna, Azare zuwa Kano, Kano zuwa Funtuwa, a shekarunsa.

Ya zazzage ledar a kan tabarma. Wasiƙuna ne, guda 41, an yanke su tsaf da almakashi an liƙa a tsohon littafin rajista. Ya ce, "Ba don ƙauna na ajiye ba, Malam, don in samu abin mayar maka ne." Ga jan biro ko'ina a gefe: "ba haka ba ne", "ina hujja?", wani wurin ma "ƙarya" da layi biyu a ƙasa. Muka yi dariya har hawaye, daga baya ba dariyar ba ce kuma. Na roƙe shi ya kwana ya ƙi, ko kuɗin mota ya ce in na ambata zai kwashe kayansa. Baba, Allah Ya saka maka da Aljannar Firdausi, Ya sa jikokinka su yi maka fiye da haka.

Liman ya ce kada a ambaci kowa, ya yi haƙuri. Maƙwabcina tela da ya fasa katanga ya ba mu ɗakuna biyu, matasan majalisar mai shayi da suka ƙare rijiya biyu a daren, ƙanwata ta Malumfashi da ta iso da kayan sawa kafin rana ta fito, da mai jaridar bakin tasha wanda ya ce zai tono mini tsofaffin Aminiya a shagonsa: Allah Ya tsare ku da wuta duniya da lahira. Ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa mana, Ya jiƙan iyayenku, Ya shirya zuri'arku, Ya sa kada ku ga irin wannan dare.

Akwai waɗanda muka sha nono ɗaya da iyayensu, tafiyar naira ɗari biyu tsakaninmu, har yau ko waya. Wataƙila labari bai kai ba. Ya dai kai Azare.

Masu tambaya, muna nan gidan tela har a gama rufi. Littafin yana ƙarƙashin matashina. Na duba shafi na 12, kuma har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya a wannan, Baba. Hannu na warkewa za ka ga martani.