Tara tallafin ambaliya don tsaunin Mambila: kuɗi sun fi buhuna

Duk wanda zai haɗa gudummawa don mutanen Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, ya fara da tambayar hanya kafin ya sayi ko ƙwayar shinkafa. Daga Mayo Selbe titi ke hawa dutse zuwa Gembu, kuma in ruwa ya yi yawa ƙasa kan zaftare ta rufe shi. Babbar mota ta maƙale a ƙasa, garin masara ya jiƙe ya yi fumfuna, kuɗin haya na ta hauhawa.

Shi ya sa kuɗi suka fi. A buɗe asusu ɗaya da sa hannun mutum biyu, a riƙa sanar da abin da ya shiga kowane mako, sannan a sayi abinci a kasuwar Gembu. Buhu mai kilo 50 a raba shi gida biyu, domin ɗan acaɓa ne zai ƙarasa da shi ƙauye.

Ana yawan mantawa da sanyi. Wurin ya kai kimanin mita 1,600, dare na da sanyi sosai, don haka bargo da tamfol su zo kafin tsofaffin riguna. A haɗa da jarka mai murfi da ƙwayar tsabtace ruwa; in an jefa ta a jira minti 30 kafin a sha. Gishirin ORS kuwa, wanda ake ba mai gudawa, fakiti ɗaya a lita ɗaya.

Jerin sunayen waɗanda za a ba tallafin kuma, mai unguwa da limami da fasto su tantance tare, kuma a rubuta sunan matar gida.