Inabi a Cikin Baƙar Tsakuwa: Yawon Ƙafa a Tsibirin Lanzarote

Taro kan noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa ne ya kai mu tsibiran Kanari, waɗanda ke ƙarƙashin Sifaniya duk da cewa a gefen Afirka suke. Da aka tashi daga taron a Las Palmas, abokin aikina, wani mutumin Jos da ya girme ni a aiki, ya miƙo min wayarsa ya ce in duba wani yawo da ake shiryawa a tsibirin Lanzarote: tafiyar ƙafa da 'yar rakiya, a ƙarshe kuma a ɗanɗana giyar inabi. Na ce, "Haba Oga, ni da giya ina muka haɗu?" Ya ce, "Malam, bar batun kwalba, dubi gonar." Na duba. Fili ne baƙi ƙirin, cike da ramuka, kowane rami da ɗan kore a tsakiyarsa da 'yar katangar dutse a gefe ɗaya. Malamin gona ba ya ganin irin wannan ya kau da kai. A daren muka yanki tikiti.

Jirgin bai yi awa ɗaya a sama ba muka sauka kusa da Arrecife, babban birnin tsibirin. Daga nan zuwa gaɓar Maroko bai wuce kilomita 130 ba, kuma ana jin haka a jiki. Ranar da muka isa akwai hazo, ƙurar Sahara ce iska ta ɗebo ta tsallako da ita teku. Turawan da ke cikin motarmu sai ƙorafi suke yi wai hotuna ba za su fito ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a hanya shi ne gidajen: duk farare, gajeru, ƙofofi da tagogi kore ko shuɗi, kuma babu manyan allunan talla a bakin titi. An ce mana aikin César Manrique ne, wani mai zane ɗan tsibirin da ya rasu a haɗarin mota a 1992, wanda ya yi ta faɗa da masu son cika wurin da dogayen otal-otal. Bai yi nasara ko'ina ba, don a bakin teku an gina abin da aka gina, amma cikin tsibirin yana nan da kamanninsa. Shekara guda bayan rasuwarsa UNESCO ta sa Lanzarote a jerin wuraren da ake kiyaye halittunsu.

Washegari da sassafe aka kwashe mu a ƙaramar bas. 'Yar rakiyar mace ce 'yar tsibirin, baƙar rana ta dafa mata fuska, ga takalmin hawan dutse da ya sha wuya. Tun kafin mu tashi na ja ta gefe na gaya mata ni Musulmi ne, ba na shan giya, kuma ba zan zauna a teburin da ake zuba ta ba. Ko a jikinta. Ta ce tana samun irina, tana samun mata masu ciki da direbobi, kowa akwai abin da za a ba shi.

Muka fara da dutsen aman wuta da suke kira Cuervo. A nan wutar ta fara ɓallewa ranar 1 ga Satumba, 1730. Limamin cocin garin Yaiza na lokacin, Andrés Lorenzo Curbelo, ya rubuta abin da ya gani, cewa ƙasa ta tsage da dare tsakanin ƙarfe tara da goma. Ba a yi tsammanin abin zai daɗe ba, sai ga shi ya ɗauki shekara shida, har 1736. Narkakken dutse ya malale kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsibirin, ya binne ƙauyuka da dama da gonakin alkama da sha'ir mafi albarka da suke da su. Dabbobi suka mutu saboda gurɓatacciyar iska, mutane da yawa suka tattara suka koma wasu tsibiran. A 1824 ma wutar ta sake motsawa, amma ba kamar ta farko ba.

Hanyar ƙafar tana zagaya dutsen, sannan ta shiga cikin bakinsa ta wata ɓaraka da ke gefe. Tafiya a kan tsakuwar nan sai da dabara, ƙafa tana nutsewa, kowane taku da ƙarar ƙurus-ƙurus, ga iska tana bugun mutum daga arewa maso gabas ba sassauci. Da farko na ɗauka babu abin da ke raye a wurin. 'Yar rakiyar ta sa muka durƙusa gaban wani dutse, ta tsiyaya masa ruwa kaɗan daga gorarta. Busasshen abin da ke manne a jikinsa, mai launin toka kamar gansakuka, nan take ya fara komawa kore. Ta ce shi ne farkon mai zama a kan sabon dutse, shi ke cinye shi sannu a hankali har wata rana ya zama ƙasa. Shekara kusan ɗari uku ke nan, kuma aikin bai yi nisa ba, saboda babu ruwan da zai taimaka masa. Ta kuma nuna mana ƙananan duwatsu kore masu sheƙi a cikin baƙin dutse, ta gargaɗe mu kada kowa ya sa ko ɗaya a aljihu, doka ta hana. Wani Bajamushe ya mayar da nasa a ɓoye, na gan shi, ya gan ni, muka yi dariya.

A cikin ramin dutsen iskar ta ɗauke ɗif. Bangon ja ne a wani wuri, ruwan ɗorawa a wani, baƙi a wani. Ƙananan ƙadangaru suka fito suna leƙen mu, wani ƙaramin shaho kuma ya tsaya cak a sama yana kaɗa fuka-fuki, yana jiran wanda zai yi sakaci a cikinsu.

Daga nan muka gangara yankin La Geria, inda gonakin suke, kuma a nan ne na manta da gajiya. Na roƙi izini na sauka cikin rami ɗaya. Faɗinsa ya kai taku shida ko bakwai, zurfinsa ya wuce tsayina, don da na tsaya a ƙasa ban hango kowa ba sai sama. Kurangar inabi ɗaya ce tal a ciki, kwance a ƙasa ba a ɗaure ta da komai ba, kututturenta ya yi kauri ya murɗe, ga nonnan inabi sun nuna a ƙarƙashin ganye. Na tura hannu cikin tsakuwar. Sama-sama zafi kamar ta ƙona ni, amma da yatsuna suka nutsa sai na ji sanyi da danshi. Watan Agusta ne fa, kuma an yi watanni ba a ga ɗigon ruwa ba. Tsibirin gaba ɗaya da ƙyar yake samun ruwan sama milimita 150 a shekara, abin da a wurinmu ko gero ba zai kai ba.

Ga yadda abin yake. Wutar ba ta ƙone ƙasar noma ta dā a wannan yanki ba, rufe ta ta yi da tsakuwa, wani wuri mita ɗaya, wani wuri har uku. Waɗanda suka ƙi gudu sai suka lura cewa itacen da saiwarsa ta kai tsohuwar ƙasa ya fi dā kyau. Sai suka riƙa haƙa rami har su tarar da ita, su dasa inabi ko ɓaure a can ƙasa. Tsakuwar tana da ƙananan ƙofofi, tana shanye ɗan ruwan da ya sauka nan take ba ta bari ya gudu, tana kama raɓar da iskar teku ke kawowa da dare, kuma tana hana rana tsotse danshin. Ciyawa ma ba ta samun wurin zama. Katangar kuwa, wadda aka jera da duwatsu ba laka ba siminti, an yi ta ne a siffar rabin wata a ɓangaren da iska ke zuwa. Da gangan ake barin ƙofofi tsakanin duwatsun, don iskar ta ratsa a raunane maimakon ta buge ta ta zubar.

Ina tsaye a ramin sai tassa ta faɗo min a rai, ramukan da manoman Illela da Badagishiri a jihar Tawa ta Nijar suke haƙawa a kan fako, dabarar da suka ƙara gogewa a kanta bayan wasunsu sun je Yatenga a Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980. Oga ya leƙo ya ce, "Ka ga 'yan uwanka ko?" Na ce kamar dai, amma aikin ba ɗaya ba ne. Tassa ƙaramar aba ce, tana tare ruwan da ke gudu a kan ƙasa mai tauri, a zuba mata taki, gara ta shigo ta buɗe ƙasar. Wannan kuwa ba ruwa mai gudu yake jira ba, murfi ne Allah ya shimfiɗa musu, su kuma suka gane amfaninsa. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu aikin hannu ne na mutanen da ba su da wani wurin zuwa.

Aikin hannun nan kuwa ba wasa ba ne. Tarakta ba ta shiga. Iska kullum tana mayar da tsakuwa cikin rami, sai an bi da shebur an kwashe, in ba haka ba ta binne kurangar. Datse rassa da hannu, tsinka da hannu, a ɗauko kwando a hau da shi gangaren da ke zamewa. A dā raƙuma da aka kawo daga Afirka ne ke ɗaukar kayan; yanzu jikokinsu 'yan yawon buɗe ido suke ɗauka a gandun duwatsun aman wuta na Timanfaya. Hekta ɗaya a nan kuranga 'yan ɗaruruwa take ɗauka, alhali a gonakin Faransa dubbai ne. Mun wuce gonaki da aka yi watsi da su, ramukan sun cike, katangun sun zube, kurangar ta yi ta fafutuka har ta bushe. 'Yar rakiyar ta ce matasa sun fi son aikin otal, albashi duk wata, ba ciwon baya. Ban ga laifinsu ba.

Rana ta take muka isa gidan da ake matse inabin. Ba El Grifo ba ne, wanda ke aiki tun 1775 kuma ya fi kowanne tsufa a tsibiran, wani ƙarami ne na iyali. Na bi su ciki na ga tankunan ƙarfe masu sanyi da 'yan gangunan katako, na ji bayanin yadda ake matse ruwan a bar shi ya tsimu. Warin wurin mai tsami ne, yana hawa kai. Mafi yawan abin da suke nomawa farin inabi ne da ake kira Malvasía, sai baƙi mai suna Listán, da Moscatel mai zaƙi. Ƙwaron da ya kashe gonakin inabin Turai a ƙarni na 19 bai iso nan ba a lokacin, shi ya sa ake samun kuranga da ta haura shekara ɗari tana tsaye da saiwarta ta asali.

Da aka fara jera kofuna sai na fice, na sami benci a inuwar bango. Ta taga ina hango su. Kowa ya ɗaga kofi ya duba launi, ya juya shi, ya cusa hanci, ya kurɓa kaɗan ya yi shiru kamar mai tuna wani abu. Akwai bokitin tofarwa a tsakiya, amma ban ga wanda ya wahalar da shi ba. Wata mata ta ce tana jin gishirin teku a ciki, wani ya ce hayaƙin dutse. Oga dai da na tambaye shi daga baya cewa ya yi tana da daɗi, sauran kuma surutun masu kuɗi ne.

Ni kuma wani dattijo mai aiki a gidan ya kawo min faranti: cukun akuya, ƙananan dankalin turawa da aka dafa da gishiri har fatarsu ta yamutse, jan yaji mai tafarnuwa da suke kira mojo, kofin ruwan inabi da aka matse a safiyar, da nonon Moscatel guda da ya tsinko da wuƙarsa a gabana. 'Ya'yan ƙanana ne, ɗumi-ɗumi daga rana, fatar da kauri, zaƙin kuwa har yana kama maƙogwaro. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin Sifaniyanci. Na nuna tafin hannunsa da ya yi kanta, na nuna ramukan, ya gyaɗa kai ya dafa ƙugu ya yi kamar zai faɗi. Ruwan da ya ba ni na yi alwala da shi ma daga teku aka tace shi. Tun tsakiyar shekarun 1960 tsibirin ya dogara da injin cire gishiri. Na yi azahar a bayan gidan, a kan tsakuwa.

Wani zai ce me ya kai Musulmi gonar giya. Ni dai abin da na gani shi ne, ba don kuɗin kwalaben nan da na baƙin da ke zuwa kallo ba, da ramukan sun daɗe da cikewa, don babu wanda zai yi wannan wahala saboda inabin ci. Wannan nasu ne, ba abin da zan kai gida ba ne. Abin da ya shafe ni na hango shi ne a hanyar komawa, wajen Tinajo: gonakin albasa da dankali da wake a shimfiɗe, baƙi wuluk. A can wuta ba ta zuba tsakuwa ba, manoma ne suka ɗebo ta da mota suka shimfiɗa kamar tsawon ɗani a kan ƙasarsu, kuma tana yi musu shekaru kafin a sabunta.

Muka kama gardama da Oga a bas. Shi yana ganin a Filato akwai tsofaffin duwatsun aman wuta wajen Panyam da Kerang, me zai hana a gwada. Ni na ce ruwan Filato ya yi yawa, ba su da bukata, inda ake bukata kuwa, Sakkwato da Yobe, kuɗin tifa kaɗai ya isa ya kashe maganar, kuma mu ba mu da raɓar teku. Ya ce a gwada a lambun albasa ko kadada guda ce, a auna ban ruwa nawa za a rage. Har muka shiga Arrecife yana lissafin kuɗin tifa a bayan takardar tikitinmu.